Ƴan Tsanan Jiya da Zanen Kwamfutar Yau: Wanne Za Mu Ba Yaranmu?

A wannan fitowa filinmu zai duba wani shirin talabijin na yara da aka yi sau biyu, da tazarar shekara 50 a tsakani. Sunansa Thunderbirds, masu kallo da Faransanci kuma sun san shi da Les Sentinelles de l'air. Tun da yake ta hanyar intanet tsoho da sabo duka suna iya shigowa ɗakunanmu, ya kyautu mu ɗora su a kan ma'auni kafin mu miƙa wa yara.

Tushen labarin ɗaya ne. Wani attajiri, tsohon ɗan sama jannati mai suna Jeff Tracy, ya kafa ƙungiyar ceto a ɓoye, a wani tsibiri da ke kudancin Tekun Fasifik. Ma'aikatansa su ne ƴaƴansa maza biyar: Scott, John, Virgil, Gordon da Alan. Kowanne da abin hawansa: jirgi mai gudun tsiya, ƙaton koren jirgin dakon kaya, kumbo, jirgin ƙarƙashin ruwa, da tashar sararin samaniya mai sauraren kukan neman agaji daga ko'ina a duniya.

Gerry Anderson da matarsa Sylvia ne suka shirya na farko a garin Slough na Ingila, aka nuna shi daga 1965 zuwa 1966, kashi 32, kowanne kimanin minti 50. Ƴan wasan duk ƴan tsana ne da ake motsawa da siraran wayoyi. A cikin kan kowace akwai na'urar lantarki mai motsa leɓe daidai da muryar da aka naɗa, abin da ya sa kawunansu suka yi wa jikinsu girma. Da yake ba su iya tafiya da kyau, sai aka ƙirƙiro kujeru masu motsi da hanyoyin sulɓe da ke kai su cikin jirage. In kuwa za a nuna hannu kusa-kusa, na mutum ake ɗauka. Wuta da ruwa da ƙurar da ake gani duk na gaske ne, a kan ƙananan gine-gine da jiragen da Derek Meddings da mutanensa suka ƙera.

Sabon, mai suna Thunderbirds Are Go, ya fito daga 2015 zuwa 2020, kashi 78, kowanne kimanin minti 22. Mutanen ciki zanen kwamfuta ne, amma masu shirin ba su yar da sana'ar magabata ba: tsibirin da wurare masu yawa an gina su da hannu a Weta Workshop ta ƙasar Niyu Zilan. Har David Graham, wanda ya yi muryar direba Parker a 1965, shi ya sake yin ta.

Babban bambancin, a ganinmu, yana ga lokaci. A kashin farko na tsohon shiri an dasa bam a ƙafafun jirgin fasinja mai suna Fireflash, ya kasa sauka. Mai kallo yana ganin an gwada dabara ta faskara, an sake shawara, an jero motocin da jirgin zai sauka a bayansu, ɗaya ta lalace, an kuma gwadawa. Yaron da ya zauna ya kalli wannan ya ga yadda aikin ceto ke bukatar lissafi da haƙuri. Sabon shiri ba shi da wannan sarari. Kafin gaban yaro ya faɗi an riga an tsamo mutum, an wuce zuwa wata matsalar. Sauri kan haifi nawa, kuma a nan abin da ya rage wa yaro a zuciya bayan an kashe akwati ba shi da yawa.

Amma ba a nan gizo ke saƙar kaɗai ba, domin sabon ya gyara abubuwan da tsohon ya bari. A na 1965 jaruman suna busa taba, ana kuma ganin kofunan giya a hannunsu. A na 2015 an kawar da wannan. Mata ba su da babban rabo a fagen ceto a da, yanzu kuwa ga Kayo, mai kula da tsaro da jirgin kanta, don haka ƴaƴanmu mata ma sun sami wadda za su duba.

Sai batun uba. A tsohon shiri Jeff yana zaune a teburinsa, shi ke ba da umarni, yara na bi. A sabon kuwa ya ɓace tun kafin labari ya fara, ba a same shi ba sai ƙarshen zango na uku. Babban wa, Scott, shi ya ɗauki nauyi, kakarsu tana riƙe da gida, ƴan'uwa suna saɓani suna shiryawa. Gidajenmu da maigida ya tafi ci-rani ko doguwar fatauci sun san wannan hali sarai, kuma yaran irin waɗannan gidaje za su ga kansu a ciki.

Abin da ya haɗa su biyun shi ne mafi daraja. Jaruman nan ceton rai ne aikinsu, ba su tambayar ƙasar wanda ke cikin wahala, ba su karɓar ko anini. A tsohon shiri ma har hana ɗaukar hotonsu suke yi. A zamanin da haɗari kan faru a bakin titi wasu su ciro waya suna ɗauka maimakon su kai hannu, wannan darasi ya cancanci a tsaya a kansa.

Shawararmu ita ce, ƙananan yara a fara musu da sabon, domin gajere ne kuma an tsabtace shi. Waɗanda suka tasa a zauna tare da su a kalli tsohon, a yi musu bayanin tabar da za su gani, a bar su su ɗanɗana jiran sakamako. In an gama a tambaye su: wa aka ceta, da wace dabara, kuma me mai ceton ya karɓa?

Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba. Wassalam.