FILIN KIWON LAFIYA: Yaro Ya Warke Daga Ciwon Daji, Saura Haƙoransa

A wannan wata za mu yi magana ne da iyayen da Allah Ya jarrabi ɗansu da ciwon daji, Ya kuma ba shi lafiya.

Da yawa daga cikinmu a zango mun taɓa ganin yaron da muƙamuƙinsa ya kumbura cikin 'yan makonni, haƙora suka riƙa girgiɗi. Wannan ciwo shi ne wanda wani likita, Denis Burkitt, ya bayyana a Yuganda cikin 1958, kuma ana warkewa daga gare shi idan an je asibiti da wuri, irin su Korle Bu a Akra ko Komfo Anokye a Kumasi.

Sai dai maganin kan bar tabo a baki. Haƙoran girma, su 32, tun yaro yana jariri suke fara ginuwa a cikin dasashi, ƙarƙashin na yarinta guda 20. Alluran da ke kashe daji kan taɓa duk abin da ke girma da sauri a jiki, har da waɗannan haƙora. Shi ya sa yaron da aka yi wa magani kafin ya kai shekara 5 ya fi shiga haɗari. Ba a ganin ɓarnar sai ya fara famfara, wajen shekara 6. A nan ne wani haƙori zai fito ɗan ƙarami, wani da gajeriyar saiwa, wani da tabo, wani kuma ba zai fito ba sam.

Wanda aka gasa wa kai ko wuya da hasken na'ura, miyau kan ƙafe masa. Miyau kuwa shi ke wanke baki, idan babu shi sai haƙora su yi ta kogo.

To, mene ne abin yi? Da farko, a adana katin asibiti da kyau, domin likitan haƙori ya san irin maganin da aka yi da shekarun yaro a lokacin. A riƙa kai shi dubawa duk wata 6, ko ba ya kukan komai. Ya goge baki safe da dare da man goge baki mai fulorayid, a rage masa alewa da lemon kwalba. Kada a yarda wanzami ya cire masa haƙori, musamman wanda aka gasa, domin ƙashin wurin ba ya saurin warkewa.

Iyaye, kada tsoron giɓi ya sa ku yanke wa yaro magani. Likita na iya cike kogo, ya sa haƙorin roba, amma dajin da aka bari rai yake ɗauka.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai wata mai zuwa.