In Ka Tare, Takardun Motarka Ma Su Tare

 Tambayar da ta fi yawa a cikin saƙonnin da nake samu kwanakin nan ita ce ta mota. Mutum ya kwashe iyali ya koma wani gari, ya kama haya, ya sa yara makaranta, to lasisinsa da lambar motarsa fa, ya zai yi da su? Amsar ta danganta da irin ƙaurar da ka yi. Ƙaura daga jiha zuwa jiha daban, ƙaura daga ƙasa zuwa ƙasa daban, kuma haɗa su da ake yi shi ne yake cinye jarin mutane.

Bari mu fara da mai sauƙin. Idan daga Kano ka koma Legas, ko daga Sakkwato ka koma Abuja, lasisin tuƙinka na nan daram. Lasisin Najeriya na ƙasa ne baki ɗaya, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ce take buga shi tare da haɗin gwiwar jihohi, na shekara uku ne ko biyar. In ya ƙare, a jihar da kake zaune za ka sabunta, ba sai ka yi tattaki zuwa gida ba. Lambar mota ma haka take. Haruffa ukun da ke jikinta ƙaramar hukumar da aka yi rajista suke nunawa, kamar KMC na Birnin Kano, FGE na Fagge, KJA na Ikeja, amma ba su hana motar zama a wata jiha ba. Abin da ke wuyanka shi ne takardun shekara-shekara, wato lasisin motar, inshora da takardar lafiyar mota, kada ka bari su mutu. Sannan in ka je sabuntawa ka ba da sabon adireshinka.

Wannan sauƙin shi ne yake ruɗar mu. Mutumin da ya shekara goma a Agege da lambar Kano babu wanda ya ce masa uffan, sai ya ɗauka haka abin yake in ya koma Nima ko Sabon Zango a Akara. Wallahi ba haka ba ne. Daga Legas zuwa Akara iyaka uku za ka tsallaka: Seme, sai Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflawo. Da zarar tayarka ta wuce Seme, motarka ta zama baƙuwa, kuma baƙo raɓa ne.

Ga yadda ƙa'idar take. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kan zirga-zirgar jama'a ta yarda motar gida mai rajistar wata ƙasa ta ƙungiyar ta shiga ta zauna har kwana 90. Sharaɗin shi ne ka nuna lasisi mai rai, takardar mallakar mota, inshorar da ƙasashen suka amince da ita, da takardar kwastan ta shigar wucin gadi. Motar haya mai ɗaukar fasinja kuwa kwana 15 aka ba ta, kuma ba a yarda ta tsaya tana lodi a cikin ƙasar da ta shiga ba. Ku lura da wannan, masu tunanin kai bas ko a-kori-kura wata ƙasa domin yaro ya riƙa jigila da ita. Sannan kada ka dogara da "ai kwana 90 ne" da baki. Duba ranar da jami'in ya rubuta a takardarka, domin yana iya ba ka ƙasa da haka, kuma ita za a kama ka da ita.

Inshorar da ake nufi ita ce katin ECOWAS da direbobi ke kira Biraun Kad, wanda aka kafa tsarinsa a 1982. A fahimce shi da kyau: ɓarnar da ka yi wa wani yake biya, ba gyaran motarka ba. Masu nufar Kamaru da Chadi kuwa, can ba yankin ECOWAS ba ne, na CEMAC ne, kuma nasu katin daban, shi ne Kart Roz. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, saboda haka mai bin hanyar Maraɗi ko Birnin Ƙonni ya tambayi kamfanin inshorarsa da jami'an duwan abin da ake karɓa a yau, kada ya tafi da labarin shekara biyar da ta wuce.

Duk waɗannan takardu na mai ziyara ne. Kai da ka zo zama, ranar da wa'adin ya cika hanya biyu ce a gabanka: ko motar ta fita, ko a biya mata kuɗin kwastan a yi mata rajistar ƙasar. A nan mutane suke cewa, "To ai na biya kwastan a Najeriya!" Ka biya, amma Najeriya ka biya. Rangwamen da ECOWAS ta yi na kayan da aka ƙera ko aka noma a yankin ne. Toyotar da aka ƙera a Japan ta sauka a Apapa ba ta zama 'yar yanki ba don ta sha ƙurar Kano. A Ghana ma har da tarar tsufa ake ɗorawa a kan motar da ta haura shekara goma. Sai an gama da kwastan kafin hukumar DVLA ta duba motar ta ba ta lamba. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci kuwa, takardar da za ka fito da ita a ƙarshe ita ce kart giriz, da sunanka a jiki.

Don haka shawarata, kuma ita nake ba duk wanda ya zauna a shagona da wannan magana: yi lissafi tun kana gida. Ɗauki biro, rubuta abin da motar za ta yi in ka sayar a inda take. Rubuta kuɗin kwastan da na rajista da na inshora a inda za ka, bayan ka ji su daga bakin ofishin da kansa. Sai ka tambayi 'yan uwa farashin irinta mai lambar ƙasar. Sau da yawa za ka ga sayarwa a nan da saye a can ya fi sauƙi, musamman in motar ta kwana biyu. Na san akwai motar da mutum yake ji da ita kamar 'yarsa, amma ɗan kasuwa da lissafi aka san shi.

Akwai dabarar da wasu suke yi, duk lokacin da wa'adi ya kusa sai a kai motar iyaka a juyo da sabuwar takarda. Ku tara kuɗin mai, da na hanya, da kwanakin da shago ya yi a rufe, ku gani ko riba ce. Kuma yanzu kwamfuta ake shigar da lambar bodin mota, ba littafin da ruwa zai jiƙa ba. Na ga mota mai kyau da ta yi watanni a harabar kwastan, tayoyi sun sace, rana ta cinye fenti, mai ita yana zarya da takardu a leda, kuɗin da zai saro kaya ya tafi a tara. Ba sata ya yi ba. Kwanaki ne kawai suka wuce shi yana cewa gobe.

Sai lasisin tuƙi. Kafin ka taso, ka nemi lasisin ƙasa da ƙasa, wanda ake bayarwa a kan naka na gida, yana rage gardama a shingen hanya. Amma shi ma rigar aro ce. In ka samu takardar zama, je ofishin lasisi na ƙasar ka nemi a mayar maka da naka zuwa nasu. A Ghana DVLA tana yin wannan, kuma za a gwada idonka. Abin da zai cece ka a nan shi ne lasisinka na gida ya zama na gaskiya, domin bincikawa ake yi. Wanda ya ba ɗan kamasho hoto da kuɗi aka kawo masa kati har gida, bai je an ɗauki hoton yatsunsa ba, to ya binciki abin da ke aljihunsa tun kafin wani ya bincika masa. Zuwa da kai ya fi saƙo. Haka kuma sunanka ya zama iri ɗaya a fasfo, lasisi da takardar mota. Muhammadu a nan, Mamman a can, Mohammed a wancan, wannan kaɗai ya isa ya kwantar da fayil.

Magana ta ƙarshe ta iyali ce, kuma ita ta fi damuna. Wasu don gudun wahala sai su sa motar da sunan maigidan da ya sauke su, ko wani abokin ciniki ɗan ƙasa. Amana tana nan, ban ce babu ba. Amma rai fa? Ranar da ɗayanku ya faɗi, hukuma takarda take karantawa, magada kuma ba su san alkawarin da aka yi a zaure ba. Na ga zumuncin shekara talatin ya lalace a kan wannan. In dole ta sa, a rubuta, a sa shaidu. Uwargida, ke ma ki san inda takardun suke, ki sa a ɗauki hotonsu a waya, ki riƙe ranar da inshora za ta ƙare kamar yadda kike riƙe ranar biyan kuɗin makaranta. Alhaji, in samarin gidan za su taɓa sitiyari, kowa ya yi nasa lasisin. Yaro marar lasisi in ya buge mutum a ƙasar da ba taku ba, wannan ba maganar da sarkin zango zai kashe da ban haƙuri ba ce.

Mun iya neman shago mai kyau da makaranta mai kyau in mun sauka a sabon gari. Mu ƙara da wannan a makon farko, tun kuɗin guzuri bai ƙare ba. Allah Ya tsare hanya, Ya sa albarka a nema. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.