Sabon Kwano a Jikin Tsoho

A ƙasar Zazzau ta arewa, daga Ikara zuwa Makarfi zuwa Hunkuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, ruwan farko ba ya zuwa shi kaɗai. Cikin watannin Afrilu da Mayu hadari kan taso daga gabas da iska a gabansa, kafin ɗigo ya sauka ta riga ta yi ɓarnarta. Washegari sai a ga kwano a naɗe kamar tabarma a gonar maƙwabci, azuzuwan firamare a buɗe, buhunan masara a jiƙe. Abin kuma yana faɗowa daidai lokacin da kuɗin magidanci ke da wurin zuwa, wato taki da iri da kuɗin huɗa, don haka da wuya a sami mai iya sauya rufi ɗungurungum. Faci ake yi: a sayo bandir ɗaya mai falle 20, ko rabinsa, a haɗa da abin da iska ta bari.

A nan ne tambayar dacewa ke tasowa, kuma akasarin masu gida da ido suke amsa ta. Damuwarsu kada rufi ya fito kala biyu, sabo yana walƙiya kusa da tsoho mai duhu, kowa ya wuce ya san iska ta taɓa gidan. Wannan damuwa ita ce mafi ƙanƙanta a duk lamarin. Hasken sabon kwano na tutiyar da aka lulluɓe ƙarfen da ita ne, kuma damina ɗaya ko biyu da ƙurar hunturu sun isa su dusashe shi. Wanda ya yi gaggawar shafa masa fenti ma yakan yi asara, domin fenti ba ya kama sabuwar tutiya sosai, sai ya riƙa ɓarewa.

Dacewar da ke hana yoyo tana cikin tudu da kwarin kwanon. Tun da Henry Palmer ya yi rajistar wannan fasaha a Landan a 1829, ƙarfin falle yana cikin lanƙwasarsa ne, kuma falle biyu ba sa kwanciya a kan juna sai lanƙwasarsu ta zo ɗaya. Tsohon ma'aunin da ya yaɗu a duniya shi ne inci 3, kimanin milimita 76, daga tudu zuwa tudu, amma injinan kamfanoni sun sha bamban, wani kwarinsa zurfi, wani shafal. Bambancin da ido ba ya kamawa a tudu ɗaya yana taruwa: kafin a kai tudu na uku, sabon ya hau kan tsohon a karkace. Kafinta mai sauri sai ya danne da guduma, ya ƙara ƙusa, ya karɓi kuɗinsa. Ratar da ta rage ta nan ruwa zai bi in iska ta koro shi, ta nan kuma iskar baɗi za ta zura hannu. Maganin ba ya cin ko kwabo: a yanki guntun tsohon kwano, a tafi da shi kasuwa, ko ta Makarfi ko Sabon Garin Zariya, a kifa shi a kan wanda za a saya. In bai zauna daram ba, a wuce shago na gaba.

Sai kauri. Tsofaffin kafintoci kan ce kwanon da ya fi na yanzu nauyi, kuma duk wanda ya ɗaga fallen tsohon gida ya ɗaga na kasuwar yau zai ji abin da suke nufi. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta ƙayyade mafi ƙarancin kauri, ta kuma sha kama kwanon da bai kai ba, sai dai mai saye a ƙauye ba ya yawo da ma'auni. Abin da ke hannunsa shi ne nauyi: bandir biyu masu tsawo ɗaya, wanda ya fi nauyi ya fi ƙarfe. Siririn falle a tsakiyar masu kauri shi ne zai fara yagewa ta bakin ƙusa, kan ƙusar ya zauna a katako, kwanon ya tafi. Arha a nan rance ce da za a biya da damina.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba, wato jinsin ƙarfen. Kasuwa yanzu tana da kwanon tutiya, da na alminiyom, da wanda aka lulluɓe da haɗin biyun, wanda kamfanin Bethlehem Steel na Amurka ya fito da shi a 1972, kashi 55 cikin ɗari na lulluɓinsa alminiyom ne. Ƙarafa mabambanta in suka haɗu akwai danshi a tsakani, ɗaya yana cin ɗaya. Baƙar ƙusa marar lulluɓi a jikin alminiyom takan ci gefen raminta a hankali, haka kuma sabon falle da aka kifa a kan mai tsatsa daga mahaɗar zai fara lalacewa. Ƙari a kan haka, alminiyom yana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, to a ranar bazara falle biyun da aka ɗinke da ƙusa ɗaya kowa jan nasa yake yi, ramin yana faɗaɗa.

Saboda haka dabarar da ta fi ita ce a daina cusa sabo a tsakiyar tsoho. A sauke fallayen da suka tsira, a tara masu lafiya a gefe ɗaya na rufin, a rufe ɗaya gefen gaba ɗaya da sabo, su haɗu a ƙololuwa ƙarƙashin murfi guda. Kuɗin aiki zai ɗan ƙaru, amma ba inda lanƙwasa biyu za su yi gardama, kuma ko mai kallo daga titi launi ɗaya zai gani.

Duk wannan bai taɓa asalin ciwon ba. Iska ba ture rufi take yi ba, tsotse shi take yi sama, kuma ƙarfinta ya fi tsanani a kusurwoyi da bakin rufi da ƙololuwa. In gudunta ya ninka, ƙarfin da take sa wa rufi yana ninkawa sau huɗu. In ƙofa ko taga ta ɓalle ta ɓangaren da take kaɗowa, sai ta cika ɗakin ta turo daga ƙasa. Shi ya sa sau da yawa ake tsintar kwano tare da katakonsa a manne. Wurin da ya saki shi ne inda katako ya haɗu da bango, ko inda gara ta cinye shi. Wanda ya mayar da sabon kwano a kan wannan katakon, ya bi tsofaffin ramukan ƙusa, ya sake ɗana wa kansa tarkon ne. Langa-langa ko rodi da aka binne a bango aka ɗaure katako da shi, da ƙarin ƙusa a kan tudu a layin baki da kusurwa, da rawanin gini da ya rufe bakin kwano ta gabas, sun fi duk duwatsu da tayoyin da ake jibgawa a sama, waɗanda in iska ta yi ƙarfi su ma makamai ne a kan mutanen tsakar gida.

Wannan ya shafi masu kai agaji. In iska ta yi ɓarna, hukumar NEMA ta tarayya da takwararta ta jihar Kaduna da 'yan siyasa sukan raba bandir-bandir na kwano, abin da ya fi sauƙin ƙirgawa da ɗauka a hoto. Taimako ne, ba a raina shi ba. Amma kwanon da aka sayo iri ɗaya don gidaje ɗari zai tarar da lanƙwasa iri-iri a can, kuma in ya zo ba wadataccen katako da langa-langa, a kan tsohon rauni zai hau. Da ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan za su tura kafinta ɗaya tare da masu ƙidayar ɓarna, ya duba katako ya auna tudu kafin a yi odar kaya, da kuɗin ya fi yin aiki. Makarantu ne suka fi buƙatar haka, domin dogon rufin ajujuwa a fili ba bishiya shi iska ta fi samu, kuma jarrabawar zango na uku cikin damina take faɗowa.