Wa Ya Tsane Dausayin?

'Yan uwa malamai, duk shekarar da hayaƙi ya turnuƙe Indunusiya, ƙaramin manomi ake fara nuna wa yatsa. Ba mu yarda da wannan hukunci ba.

Ƙasar dausayin Sumatra da Kalimantan ganye ne da itace da suka yi dubban shekaru a jiƙe, ba su gama ruɓewa ba. Muddin ruwa na kanta, kabon ɗinta a kulle yake. Ranar da aka tsane ta sai ta shiga ruɓewa tana fitar da iskar kabon, ko da wuta ko babu.

To, wa ya tsane ta? Gwamnatin Suharto ce ta yanka magudanai a tsakiyar Kalimantan a 1996, wai za a noma shinkafa a hekta miliyan ɗaya. Shinkafa ba ta yi ba. Kamfanonin kwakwar manja suka ci gaba da haƙa. A 2015 wuta ta lashe hekta miliyan 2.6, aka rufe makarantu, yara suka zauna gida suna tari.

Manomi ya ƙyasta ashana, gaskiya ne, amma jiƙaƙƙen dausayi ba ya kamawa. A toshe magudanan nan, kuma waɗanda suka haƙa su biya kuɗin aikin.