Mai Ciki Da Soyayyen Dankali: A Lura Da Mahaɗi

Da zarar la'asar ta yi a birnin Sakkwato, duk inda mutum ya bi, daga Gawon Nama zuwa Mabera, daga Runjin Sambo zuwa bakin Babbar Kasuwa, ƙamshin tuya ne ke tarbarsa. Ga soyayyen dankalin Turawa da yara ke kira cips, ga dankalin Hausa, ga doya, ga awara da ƙosai. Kowa kuma da mahaɗin da ya fi so. Wani sai an barbaɗa masa yajin ƙuli, wani sai miyar tumatir da tarugu, matasa kuwa sun fi son a zuba musu mayonis, wanda aka fi sani da Bama, da kecop, wato jan tumatirin kwalba mai zaƙi. Ba mu kaɗai ba ne a wannan. Mutanen Beljiyam da mayonis suke cin nasu, na Ingila da gishiri da ruwan khal, na Amurka da kecop.

Mata masu ciki suna cikin waɗanda suka fi son wannan cima, kuma tambayar da ake yawan yi a wajen awo ita ce, ko a hana su? Ra'ayina shi ne kada a hana. Macen da laulayi ya sa gaba, wani lokaci 'yar doyar nan da yaji ita kaɗai ke zauna mata a ciki. Idan aka hana ta, ko dai ta kwana da yunwa, ko ta aika yaro a ɓoye. Abin da ya kamata iyali su sa wa ido shi ne mahaɗin da ake ci da shi da kuma man da aka soya. A nan ne yawancin illar take, a nan ne kuma gyara ya fi sauƙi da araha.

Yaji da dunƙule

Barkono kansa ba ya taɓa jaririn da ke ciki. Abin da yake jawo wa uwa shi ne ƙwannafi, musamman in ciki ya tsufa, domin a lokacin abinci na saurin komowa maƙogwaro. Matsalar yajin sayarwa tana ga gishiri. Ana daka shi da gishiri, a ƙara dunƙule, a ƙara farin magi, alhali dankalin ma an jiƙa shi a ruwan gishiri kafin a soya. Dunƙulen nan da muke jefawa a miya, kusan rabinsa gishiri ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Wannan ya haɗa da na miyar rana, da na dare, da na burodi, da na yaji. Mai ciki da ta ci tuwo da miyar da aka sa wa dunƙule huɗu, sannan ta bi da ƙullin yaji biyu a kan doya, ba wuya ta wuce wannan iyaka. Wadda ke da hawan jini tun kafin ta samu ciki ita ce ta fi kowa cutuwa da haka.

Amma kada a ɗauka cewa daina cin gishiri gaba ɗaya shi ne mafita. Tun 1993 doka ta wajabta sa sinadarin aidin a gishirin da ake sayarwa a Najeriya, kuma ƙwaƙwalwar jariri na buƙatar wannan sinadari. Saboda haka a ci gishirin leda mai aidin, a ci kaɗan.

Akwai kuma batun ƙuli-ƙulin da ake daka yajin da shi. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da wata guba da ake kira afulatokzin, wadda suya ba ta kashe ta. Tana lalata hanta, tana kuma cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon dajin hanta. Wani bincike da aka yi a ƙasar Gambiya, aka buga shi a 2007, ya nuna cewa jariran matan da gubar ta yi yawa a jininsu lokacin goyon ciki ba sa girma yadda ya kamata a shekararsu ta farko. Mai sayen yaji a leda ba ta ga gyaɗar da aka yi shi da ita ba. Wadda ta tsince gyaɗarta da hannunta, ta zubar da baƙaƙe da motsattsu da masu ɗaci, ta san abin da ta ci.

Za a ce ai iyayenmu da kakanninmu sun ci yaji sun haihu lafiya. Gaskiya ne sun ci. Sai dai yajinsu a turmin gida aka daka shi, da citta da masoro da kanumfari da daddawa, ba da dunƙule goma ba. Sannan su ne masu daka da surfe da ɗebo ruwa. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Bama da kecop

Mayonis yawancinsa mai ne da aka kaɗa da ƙwai. Ke nan wadda ta zuba shi a kan cips, mai ta ɗora a kan mai. Na kamfani da ke cikin kwalba an yi shi da ƙwan da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, don haka cokali ɗaya jefi-jefi ba laifi. Wanda ake kaɗawa a gida ko a shago da ɗanyen ƙwai, shi ne mai ciki za ta guje wa, domin yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke kawo amai da zawo da zazzaɓi. Zawo ga mai ciki ba ƙaramin abu ba ne, yana ƙarar da ruwan jiki da sauri.

Haka kuma haɗin kabeji da karas da ake cakuɗawa da Bama a ajiye a roba tun hantsi. Ƙa'ida ita ce irin wannan abinci kada ya wuce awa biyu a waje, in kuwa ana tsananin zafi, awa ɗaya. Kowa ya san zafin Sakkwato a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, ga kuma ɗaukewar wuta da ke mayar da firji akwati. Idan ba ki san lokacin da aka haɗa shi ba, ki ce a bar miki dankalinki haka nan.

Kecop kuwa sunan tumatir gare shi, amma a kowane babban cokali akwai sukari kusan ƙaramin cokali ɗaya, ban da gishiri. Ga mace mai lafiya, ɗan kaɗan ba ya komai. Ga wadda aka gano tana da ciwon suga na masu ciki, wanda ake yawan gwadawa tsakanin mako na 24 da na 28, cips da kecop da kwalbar lemo a zama ɗaya sukari ne hawa uku, tunda dankalin ma sukari yake komawa a jini. Sukari in ya yi yawa, jariri na yin girman da zai wahalar da haihuwa.

Man tuya

Kafin ki miƙa kuɗi, ki leƙa kaskon. Man da ya yi baƙi, yana kumfa, yana hayaƙi, an daɗe ana maimaita shi. Irin wannan mai ya lalace, yana haifar da sinadaran da ke cutar da jijiyoyin jini, kuma bitamin A da doka ta sa kamfanoni su ƙara a man girki tun 2002 zafi ya riga ya cinye shi. Haka nan dankalin da aka bari ya ƙone ya yi duhu. A 2002 masana a ƙasar Suwidin suka gano cewa irin wannan suya na haifar da wani sinadari mai suna akrilamaid, wanda ake zargi da cutarwa. Shi ya sa ake ba da shawara a tsame dankali yana ruwan zinari.

Kada a ɗora wa yaji laifin da ba nasa ba

Wannan shi ne abin da na fi so kowane gida ya riƙe. Mai ciki kan ji ciwo a saman cikinta, ƙasan ƙirji ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama, sai a ce ai yajin da ta ci jiya ne, a ba ta madara ko kanwa. Ƙafa da hannu da fuska su kumbura, a ce ai gishiri ne. Alhali waɗannan suna cikin alamun hawan jinin masu ciki, wanda ke bayyana bayan mako na 20, wanda kuma in aka yi sakaci yake kaiwa ga jijjiga. Jijjiga na cikin manyan abubuwan da ke kashe mata da jariransu a ƙasar nan.

Rage gishiri ba ya hana wannan ciwo, ba ya kuma warkar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗi haka ƙarara tun 2011. Abin da ke tona asirinsa shi ne awon jini da gwajin fitsari. Idan awo ya kai 140 bisa 90, akwai magana. Don haka duk mai cikin da ta ji matsanancin ciwon kai, ko ganinta ya dushe, ko fuskarta ta kumbura farat ɗaya, ko ciwon saman ciki ya ƙi lafawa, a kawo ta asibiti a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne. Kada a jira ranar awo.

Mahaɗin da ya fi

Abin mamaki, mahaɗin da ya fi kowanne amfani shi ne ya fi araha a garin nan. Albasar da ake nomawa a Goronyo da Wurno da Gada har kudancin ƙasar nan ake kai ta. A yanka ta da tumatir da tattasai da ɗan tarugu, a soya sama-sama da mai cokali ɗaya, a sa tafarnuwa da daddawa da gishiri ɗan kaɗan. In an sauke a matsa lemun tsami. Tsamin lemu na rage buƙatar gishiri, kuma bitamin C da ke cikinsa da na tumatir na taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarin jini daga abinci. Mai son ɗanyen tumatir da albasa ta wanke su da ruwa mai tsabta kafin ta yanka.

A kuma riƙa haɗa dankalin da awara ko ƙosai ko dafaffen ƙwai, domin su ne masu gina jikin jariri. Suya sau ɗaya ko biyu a mako ta wadatar. Sauran ranakun a dafa doyar ko a gasa dankalin, a ci da wannan miya.

Ga maigida da uwar miji

Sau da yawa ba mai cikin ke zuwa wurin mai tuya ba. Maigida ne ke shigowa da leda bayan isha'i, kuma ya kyauta. Sai dai ya tsaya inda ake tsamewa daga kasko a gabansa, ya duba man, ya ce a bar yajin da Baman, tunda akwai na gida. Ya kuma kawo da wuri, domin cin maiƙo daf da kwanciya shi ke hana mai ciki barci da ƙwannafi. Uwar miji da yayye mata, ku da kuka iya daka, ku daka mata yajinta tun yanzu, kada a bari sai jego.

'Yar uwa, ki ci abin da ranki ke so daidai gwargwado, ki sha magungunan ƙarin jini da aka ba ki, ki kiyaye ranakun awo. Idan kina da hawan jini ko ciwon suga, ki gaya wa likita ko ungozoma ainihin abin da kike ci, har da na dare, don su san shawarar da ta dace da ke. Allah ya sauke ku lafiya.