Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba

'Yan uwa 'yan kasuwa, duk wanda ya je sarin kaya Adjamé ko Treichville a birnin Abijan ya ga yadda kwanon roba mai shigo da haske, wanda ake kira polikabonet, ya shiga rumfunanmu. Yana rage mana kuɗin lantarki, mai saye kuma ya ga ainihin launin atamfa. Amma abin takaici, da zarar an kafa shi sai mu manta da shi.

Ƙurar hunturu ta kwanta a kai daga Disamba, ruwan Mayu da Yuni ya mai da ita taɓo da gansakuka, indararo ya toshe, ruwa ya sauka kan shaddar miliyoyi. Iskar teku mai gishiri kuma tana cin ƙusoshi.

Maganin ba shi da tsada. Ruwa mai ɗumi, sabulu mara ƙarfi da tsumma mai laushi sun isa. Kada a kusance shi da fetur ko soson ƙarfe, domin suna cinye rufin da ke kare robar daga rana, sai ta yi rawaya ta tsage. Kada yaro ya taka shi. A shimfiɗa katako.

Da yake rufin layi ɗaya na kowa ne, kowa jiran maƙwabcinsa yake. Muna kira ga shugabannin kasuwa su tsayar da ranar wanki sau 2 a shekara, Afrilu da Satumba, kafin ruwa ya sauko.

Allah ya tsare mana dukiyarmu.