Maƙiya da suka koma masoya: me ke jan masu karatu?

A Amurka da Ingila akwai wani reshe na littattafan soyayya da kasuwarsa ke ci sosai: labarin maza biyu da suka fara da gaba, suka ƙare da son juna. Fitacce a ciki shi ne "Red, White & Royal Blue" na Casey McQuiston, wanda ya fito a 2019, aka mayar da shi fim a 2023. Ɗan shugabar Amurka da yariman Ingila ba sa ga maciji da juna. Suka yi rikici a wurin biki har suka faɗa kan kek ɗin amarya, aka tilasta musu nuna abota a gaban ƴan jarida, daga nan labari ya juya.

Matsayin al'ummarmu kan soyayyar jinsi ɗaya ba ɓoyayye ba ne. Amma irin waɗannan labarai suna nan a Wattpad da Faransanci, kuma ɗan lakkwal mai salula a Maradi ko Damagaram yana iya kaiwa gare su. Malamin da bai san abin da ke jan mai karatu ba, tsawa kawai zai iya yi.

A ganina, ginin labarin ne ƙugiyar. Maƙiyi ya fi kowa sa maka ido. Ya san rauninka, ya ga munin halinka tun ranar farko. Idan shi ne ya dawo ya ce yana sonka, to ba ruɗinsa aka yi ba. Matashin da ke fargabar a gano ko shi wane ne a guje shi, wannan alkawari yana ratsa shi. Dabarar ma tsohuwa ce: Jane Austen ta yi ta a "Pride and Prejudice" tun 1813, da mace da namiji.

To me ya sa maza biyu? Mata na da yawa cikin masu karanta su, kuma ina jin daidaito suke nema. Babu sadaki, babu wanda al'ada ta ɗora a kan wani, kowa na iya mayar da magana. Sannan gabar tana zama mayafi: wanda ke tsoron abin da zuciyarsa ke faɗa masa, faɗa ya fi masa sauƙi.

Mu ma muna da namu. Littattafan Hausa na waya cike suke da auren dole, inda ango da amarya ba sa ko gaisawa sai can babi na arba'in. Nan ne damuwata ta fi yawa, domin sau da dama ba gaba ce tsakanin tsara biyu ba. Miji ne ke zagi da mari, yarinya na haƙuri, a ƙarshe a ce ashe so ne. Na Turawan ma ba su tsira ba: a "Captive Prince" na C. S. Pacat, ɗaya bawan ɗaya ne, har bulala ya sa aka yi masa.

Wannan ita ce tambayar da nake son ɗalibanmu masu shirin koyarwa su iya yi wa ƴar aji uku a kwaleji: a labarin da kike karantawa, waye ke da ikon tashi ya tafi, kuma wanda ya yi cutar ya taɓa neman gafara kafin babin ƙarshe?